DAGA KWABO ƊAYA ZUWA NAIRA HAMSIN: TARIHIN KUƊIN AIKA WASIƘA GIDA

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu 'yan asalin ƙasar Katagum ya gabatar a taron ƙungiya, a nan Sabo, Ibadan

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanar da ɗan Adam rubutu da alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



An nemi mu ɗan yi magana a kan tarihin kuɗin kan sarki, wato abin da ake biya a gidan waya domin a kai wa mutum wasiƙarsa. Mai yiwuwa wani ya ce, ana fama da tsadar masara, ina ruwan wani da kan sarki? To a yi mana haƙuri a saurara. Mu da muka baro Azare da Katagum da Gamawa da Shira da Giade da Itas muka zauna a ƙasar Yarbawa, tsakaninmu da gida akwai tafiyar fiye da kilomita dubu. Shekara da shekaru, abin da ya riƙe zumuncin iyayenmu da danginsu, ya kuma tsare musu haƙƙoƙinsu a can gida, shi ne 'yar takardar nan da ba ta kai faɗin babban yatsa biyu ba, wadda ake lasa a manna a kusurwar ambulan. Kuma mu 'yan kasuwa ne, mun san farashi ba ya ƙarya. In ka bi farashin abu ɗaya shekara ɗari, zai gaya maka halin da kuɗi ya shiga, da halin da mutane suka shiga.

KAFIN KAN SARKI

Da farko ya kamata yaranmu su sani cewa rubuta wasiƙa ya riga Bature zuwa ƙasar Guddiri. Tun da Malam Zaki ya karɓi tuta ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19, takardu ke kai da komowa tsakanin Katagum da Sakkwato da Kano da Borno. Da Larabci ake rubuta su, a buga hatimin sarki, a naɗe a sa a gafaka, manzo ya hau doki ya kama hanya. Ko Baturen nan Kilafatan, da ya sauka Katagum a watan Janairu na 1824 zamanin Sarki Ɗankauwa, da takardar Shehun Borno a jakarsa yake tafe zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma koma da takardar Bello zuwa ga Sarkin Ingila.

To nawa ne kuɗin wasiƙa a wancan zamani? Ba ta da farashi yankakke, amma tana da tsada. Ita kanta takardar daga ƙetaren hamada fatake ke kawo ta. Manzo sai an yi masa guzuri, dokinsa sai an ba shi dawa, in ya isa kuma wanda aka aika wa ya ba shi masauki da tukuici. Wannan sai sarki, sai babban malami, sai attajiri. Talaka kuwa sallahu yake bayarwa da baki, ya jira ayari. In madugu ya manta, shi ke nan. In ayari ya sake hanya, sai wata shekarar.

YADDA AKA SAMO FARASHI ƊAYA

A can Ingila ma kafin 1840 kusan haka abin yake. Akwai gidan waya, amma yawanci wanda aka kawo wa wasiƙa shi ke biya, kuma ana lissafi ne da nisan tafiya da yawan fallayen takarda. Daga Landan zuwa Edimbara sai an biya sule da ahu, wato sule ɗaya da kwabo ɗaya da rabi, a lokacin da wannan kuɗi babban rabo ne daga abin da lebura ke samu a yini. Saboda haka talaka sai ya karɓi wasiƙa ya jujjuya, ya mayar wa masinja ya ce ba shi da kuɗi.

Sai wani malamin makaranta mai suna Rowland Hill ya zauna ya yi lissafi irin na ɗan kasuwa, ya fitar da shi a rubuce a 1837. Ya nuna cewa ainihin kuɗin ɗaukar wasiƙa ɗaya daga Landan zuwa Edimbara bai kai ko anini ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne akawunan da ke auna nisa, da masu bin gida gida karɓar kuɗi. Ya ce a yanka farashi ɗaya, kusa ko nesa, mai aikawa ya biya tun farko. Aka karɓi shawarar a watan Janairu na 1840, kwabo ɗaya ko ina a cikin ƙasa, a watan Mayu kuma aka fito da kan sarki na farko a duniya, baƙi, da hoton kan Sarauniya Biktoriya. A 1839 wasiƙu wajen miliyan 76 aka aika a ƙasar. A 1840 suka haura miliyan 160.

Jama'a, a riƙe wannan, domin mu mazauna nesa da gida mu muka fi kowa cin moriyarsa. Mutumin da ya aika wasiƙa daga Sabo zuwa Oyo, da wanda ya aika daga Sabo zuwa garin Katagum a bakin kogi, kuɗinsu ɗaya. Na kusa ya taimaki na nesa ba tare da ya sani ba. A 1874 kuma ƙasashe suka taru a birnin Ban na Suwizalan suka kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya, aka yarda kan sarkin wata ƙasa ya isar da wasiƙa har cikin wata. Da wannan ne ɗan'uwa a zangon Kumasi, ko wanda ya zauna a Sudan a hanyar Makka, yake iya sanar da gida cewa yana raye.

ZUWANSA ƘASARMU

A Ikko aka fara buɗe gidan waya a 1852, Lakwaja ta samu nata a 1899. A 1900 aka fito da kan sarki na Jihar Arewa, kuma abin dariya, na farkon kan sarauniya ne. Bayanta ne aka sa kan Sarki Edward, sannan Sarki Joji, har sunan "kan sarki" ya zauna a bakin Bahaushe. Shi ma sunan "gidan waya" daga wayar tangaraho ya samo asali, domin a gida ɗaya ake buga waya a kuma karɓi wasiƙa. A 1914 da aka haɗe Kudu da Arewa sai kan sarki ya zama ɗaya, da sunan Nijeriya.

Turawa sun shiga Katagum a 1903. A shekarun farko, da ƙafa ake ɗaukar jakar wasiƙa, masinja ya miƙa wa masinja daga zango zuwa zango. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. Ga kuma wani abin lura: a 1916 aka mayar da gadon sarautar Katagum zuwa Azare, kuma a wannan shekarar ce aka kafa unguwar Sabo da muke zaune a cikinta yau. Ashe garuruwan namu biyu tare suka tashi.

Reluwe bai taɓa biyowa ta Azare ba. Na Nguru ya bi ta arewa da mu a 1930, na Bauchi da Gombe da Maiduguri ya bi ta kudu da mu a farkon shekarun 1960. Saboda haka wasiƙar Baguddire sai ta hau jirgi daga nan zuwa Kano, ta sauka ta hau mota, ta bi ta Wudil da Jama'are ta isa Azare, daga nan kuma a nemi mai zuwa Madara ko Udubo ko Sakwa ranar kasuwa. Duk wannan ɗawainiya, a farkon zamanin Turawa kwabo ɗaya ake biya.

Domin matasa su gane, bari mu tuna musu kuɗin da. Anini goma kwabo ɗaya. Ɗari shi ne rabin kwabo, ahu kwabo ɗaya da rabi, taro kwabo uku, sisi kwabo shida, sule kwabo goma sha biyu, fam kuwa sule ashirin. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939, kwabo ɗaya ake sayar da ita, shi ya sa aka raɗa mata sunan. To kun ga irin darajar da kwabo ke da ita.

Daga kwabo ɗaya, kuɗin wasiƙa ya riƙa hawa a hankali, kamar tafiyar hawainiya. Lokacin da aka samu mulkin kai a 1960, taro ne. Kafin a shiga shekarun 1970 ya zama kwabo huɗu. Wato a cikin shekara sittin da 'yan kai, ƙarin da aka yi bai kai sisi ba.

Su kansu hotunan da ke kan takardar labarinmu suke bayarwa. A jerin da aka fitar a 1953, na kwabo ɗaya mahayan Borno ne, na ahu gyaɗa ce, na taro gadar Jaba ce wadda jirginmu ke hawa, na sule goma kuwa fatu da ƙiraga. Gyaɗa da fata, ai su ne suka gina kasuwar Azare. Bayan mulkin kai aka daina sa kan mai sarautar Ingila, amma har gobe kan sarki muke ce masa.

WASIƘA A RAYUWAR SABO

Iyayenmu da suka zo nan da shanu, suka koma da goro, ba kowannensu ke da akwatin gidan waya ba. Maigida ɗaya ke da akwati, lambarsa kuwa ta zama adireshin unguwa guda. Yaro ya je Dugbe ya buɗe, ya kwaso, a zaure a rarraba. A can gida ma haka, sai a rubuta ta hannun wani malamin makaranta, ko akawun En'e, ko mai kanti a bakin kasuwa.

Wanda ya yi allo ya rubuta cikin ajami, sai dai bayan ambulan dole a nemi ɗan boko ya sa adireshi. Wanda bai iya ba ya je wurin masu rubuta wasiƙa da ke zama da teburinsu a ƙofar gidan waya, kuma sau da yawa ladan mai rubutu ya fi kuɗin kan sarkin. Da aka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, babban abin da ya ja dattawa zuwa aji shi ne mutum ya iya karanta wasiƙarsa da kansa, kada wani ya ji sirrin gidansa.

Dattawan da ke nan sun san yadda take farawa. Takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Sai bayan an gai da kowa da sunansa, har jaririn goye, sannan a ce "bayan haka". A nan maganar take: an yi haihuwa, an sa ranar wance, damina ta yi kyau ko ta yi gardama, wane ya riga mu gidan gaskiya, ga kuɗin haraji an aiko ta gidan waya, gonar fadama an ba wane aro ne shekara biyu, ba sayarwa aka yi ba, shanu goma sha biyu sun taso, uku na wane ne. A rufe da haza wassalam.

A lura da waɗannan na ƙarshe. Wasiƙar nan gaisuwa ce, amma kuma shaida ce. Hatimin gidan waya da aka buga a kan ambulan yana ɗauke da sunan gari da kwanan wata, ba mai iya musun ranar da aka aiko ta. Har ila yau, shi wannan kan sarki shi ake mannawa a rasit da takardar ciniki, a sa hannu a kansa. Da kwabo uku mutum ya gai da uwarsa, ya kuma kafa hujjar gonarsa.

ZAMANIN NAIRA

Ranar 1 ga Janairu, 1973 aka canza kuɗi. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Wasiƙar cikin gida ta koma kwabo biyar, wanda tsofaffi suka ci gaba da kira sisi. Sabon jerin kan sarki na wannan shekara ma bai manta da mu ba: na kwabo ɗaya fatu da ƙiraga, na kwabo biyar garken shanu, na kwabo goma gandun dajin Yankari na ƙasarmu ta Bauchi, na kwabo talatin kamun kifin Argungu.

Mu da muke cikin shekaru hamsin da wani abu yanzu, mun yi wayo mun tarar da wasiƙa sule ɗaya, wato kwabo goma. Da shi aka riƙa aikenmu gidan waya muna 'yan Islamiyya. A lokacin, naira ta fi dalar Amurka. A 1980 da kwabo hamsin da biyar ko kusa da haka kana sayen dala ɗaya.

Daga 1985 abubuwa suka fara juyawa. A farkon shekarar aka raba tsohuwar ma'aikatar waya gida biyu, NITEL ta ɗauki tarho, NIPOST ta ɗauki wasiƙa. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, aka saki naira a kasuwa, ta fara gangarowa. Sai kan sarki ya bi sahun sauran kaya. Daga kwabo goma ya koma ashirin, ya koma hamsin a farkon shekarun 1990, ya tsallaka naira, ya kai biyar, ya kai goma kafin ƙarnin ya ƙare. Bayan shekara ta 2000 ya zama naira ashirin, sannan naira hamsin, inda ya daɗe yana zaune shekara da shekaru. Abin da bai ƙaru da sisi ba a shekara sittin, ya ninka sau ɗari biyar a shekara ashirin da 'yan kai. In kuwa daga kwabon Turawa za a ƙirga, naira ɗaya kwabo 120 ce ta tsohon kuɗi, naira hamsin ke nan kwabo dubu shida.

LISSAFIN ƊAN KASUWA

To a nan sai mu ajiye carbi mu ɗauki alƙalami. Shin wasiƙa tsada ta yi ko araha? Amsar ta danganta da gefen da ka tsaya.

Mu tsaya a gefen mai aikawa. A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne. Da shi ma'aikaci zai sayi kan sarki na kwabo goma har guda 1,250. A 2011 albashin ya koma naira 18,000, kuɗi kamar ba za su ƙare ba, amma kan sarki na naira hamsin guda 360 kawai za su saya. Ashe a wurin talaka, wasiƙa ta yi tsada fiye da ninki uku.

Yanzu mu koma gefen mai ɗaukar wasiƙar. A 1982 litar fetur kwabo ashirin ce, wato kowace wasiƙa tana sayen rabin lita. A 2016 lita ta kai naira 145, naira hamsin ke nan da ƙyar ta sayi sulusin lita. Mota da tayarta da kayan gyaranta duk da dala ake shigo da su, dalar da ta tashi daga kwabo hamsin da biyar ta haura naira 1,500 a 2024. Ashe a wurin gidan waya, wasiƙa araha ta yi, arahar da ba ta biyan kuɗin hanya.

Kun ji ikon Allah. Mai saye yana kukan tsada, mai sayarwa yana kukan faɗuwa, kuma duka biyun gaskiya suke faɗi. Kowane ɗan kasuwa a zauren nan ya san wannan ciwo, domin shi ne muke gani a buhun wake da kan sa. Lamba ce ke hawa, daraja na sauka. Ga jirgin ƙasan da ke ɗaukar jakunkuna da araha shi ma ya yi rauni a waɗannan shekaru. Da wasiƙa ta fara daɗewa a hanya, sai jama'a suka koma ba direbobin manyan motoci da yaran shanu, wato aka koma sallahu irin na zamanin ayari.

Sai ga wayar salula a watan Agusta na 2001. A farkonta, minti ɗaya naira hamsin ne, kuɗin layi kuwa dubbai. Duk da haka mutane suka yi layi suna saye. Wannan ya nuna ba tsadar kan sarki ce ta raba jama'a da wasiƙa ba. Sauri aka samu, da jin muryar uwa a kunne, kuma wallahi wannan ni'ima ce, ba mai raina ta.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Ingila inda aka fara da kwabo ɗaya, kan sarki mai saurin isarwa ya kai fam ɗaya da kwabo saba'in a 2025. A Amurka wasiƙa ta zauna a santi uku daga 1932 har 1958, amma a 2025 ta kai santi 78. A Denmak kuwa, gidan wayar da ya shekara ɗari huɗu yana raba wasiƙa ya daina a ƙarshen 2025. Dalilin ɗaya ne ko ina: masu aikawa sun ragu, hanya kuwa ba ta rage tsawo ba. A nan gida, da yawa daga yaranmu ba su san kan sarki ba sai a 2016, da bankuna suka fara cire naira hamsin da sunansa in kuɗi sun shigo asusu.

ABIN DA YA TAFI TARE DA WASIƘA

Jama'a, ga inda maganar ta dosa. Waya ta ɗauke mana rabin aikin wasiƙa, wato gaisuwa, ta ma fi ta iyawa. Amma ɗaya rabin, wato shaida, ba wanda ya ɗauka.

Shugabannin wannan ƙungiya sun san irin ƙararrakin da ke zuwa gabansu. Mutum ya shekara talatin a nan yana aika kuɗi gida a gina masa ɗaki biyu, duk a waya aka yi maganar. Ran da ya faɗi ya mutu, 'ya'yansa da aka haifa a Sabo su je, a ce musu ai taimako ya yi wa gidan gado. Wani ya bar gona a hannun ɗan'uwa, tsofaffin da suka san aro ne sun ƙare, yau gari ya cim ma gonar ta zama fuloti, magana ta canza. Wani an turo masa shanu bashi, an yi ciniki da saƙon murya, waya ta faɗa ruwa ko an sace ta, kowa ya rantse a kan abin da ya tuna. Sau da yawa ba ma mugunta ba ce. Mantuwa ce da mutuwa, su kuwa ba sa sallama.

Mun kuma ga akasin haka. Mun ga rigimar gado da ta kusa raba zumunci, sai wata tsohuwa ta buɗe adakarta ta fito da wasiƙa cikin ajami, da ambulan ɗinta da hatimin Azare a kai, malam ya karanta, kowa ya yi shiru. Takardar da aka aiko da taro ta kashe wutar da dubban nairori ba su kashe ba.

Malamanmu na nan, su ne shaida, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zai aika wa sarakuna takardu sai da aka yi masa zoben hatimi. Saboda haka in ɗan'uwanka ya ce a rubuta, kada ka ce bai yarda da kai ba. Umarni ya bi, kuma 'ya'yanka da nasa yake tsarewa.

SHAWARWARI

Muna roƙon wannan ƙungiya mai albarka ta duba abubuwa huɗu.

Na ɗaya, duk wanda ke da gona ko fili ko gida ko dabbobi a hannun wani a can gida, ya sa a rubuta, da kwanan wata da shaidu biyu, da sanin mai unguwa ko dagaci. A yi kofe biyu, ɗaya a can ɗaya a nan. In an ɗauki hotonta a waya ya yi kyau, amma takardar ita ce uwa.

Na biyu, ƙungiya ta tanadi littafi da akwati mai makulli a hannun magatakarda, inda ɗan ƙungiya zai iya ajiye kofen irin waɗannan takardu. Mun ga yadda gobara ke cinye kasuwa cikin dare ɗaya, kada hujjar mutum ta zauna a rumfa kaɗai.

Na uku, iyayenmu mata, ku ne masu adaka. Tsofaffin wasiƙun da ke ƙarƙashin kayanku, don Allah kada a ƙulla ƙosai da su, kada kuma a yage ambulan, domin a jikinsa kwanan wata yake. A kawo su a karanta, a ɗauki hotonsu, a mayar wa masu su. A cikinsu akwai sunayen kakanni da garuruwan asali, abin da yaron da aka haifa a nan zai nema wata rana in an tambaye shi ɗan wane gida ne shi a Katagum.

Na huɗu, makarantun Islamiyyarmu su koya wa yara rubuta wasiƙa da Hausa, a boko da ajami. Kowane yaro ya rubuta wa kakarsa ko kawunsa ko da sau biyu a shekara, ƙaramar salla da babba. Ko ta gidan waya, ko ta hannun direba, ta dai isa. Tsohuwa za ta ji murya a waya ta yi murna, amma takarda za ta sa a ƙarƙashin matashi, duk wanda ya shigo ta ce ya sake karanta mata.

Iyayenmu sun biya kwabo, sun biya taro, mu mun biya sule, mun biya naira hamsin. A kowane zamani, kuɗin bai kai darajar abin da ke cikin ambulan ba. Yau takarda da biro sun fi ruwan leda sauƙin samu, kuma kusan kowane gida akwai mai iya rubutu. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma abin da aka rubuta yau shi zai yi magana ran da bakinmu ya rufe.

Allah Ya ji ƙan iyayenmu da suka kafa mana wannan zama, na nan da na gida. Allah Ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Katagum, Ya ƙara wa shugabanninmu na Sabo lafiya da basira. Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.